Giya ta tafi a dare ɗaya, ƙarya da fushi sun ƙi tashi

Ishaya Tela:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Tun jiya nake rubuta wannan ina gogewa, yau dai na ce bari in turo, in ma dariya za a yi mini a yi.

Shekarata 14 da baftisma. Kafin nan duk wanda ya san ni da kwalba ya san ni. Burukutu da rana, da dare kuma abin da ya fi shi zafi. Ranar da na fita gaba a wani taron farkawa na durƙusa, daga daren nan ban sake kai giya bakina ba. Kuma ba daurewa nake yi ba, sha'awar ce ta mutu. Yanzu ko warin gidan da ake dafawa na ji sai zuciyata ta tashi. Wannan shaidar na ba da ita a gaban ikilisiya ya fi sau goma, ana tafi.

Ga wadda ban taɓa bayarwa ba. Ina ƙarya kusan kullum. Mace ta kawo atamfa, na san sarai akwai ɗinki ashirin a gabanta, in karɓi kafin alƙalami in ce mata Alhamis. Alhamis ta zo in ce saura guga, alhali ko almakashi bai taɓa yadin ba. In ce wuta ce. In ce yaron shago ne ya tafi da makulli. Ba shiryawa nake yi ba, kafin in yi tunani maganar ta riga ta fita. Sai kuma fushi. In rufe shago da nauyin abin da na yi, in isa gida, abu kaɗan in hau matata da faɗa, in daka wa yara tsawa. Lahadi in sa riga in tsaya cikin mawaƙa.

Na yi azumi. Na yi wa Allah alkawari, na karya kafin sati. Lahadin da ta wuce aka yi Jibin Ubangiji, faranti ya zo gabana na miƙa wa na kusa da ni ban ɗauka ba. Tambayata biyu. Allahn da ya cire giya a dare ɗaya, me ya sa ya bar mini wannan? Ta biyun ce ke hana ni barci: anya na sami ceto kuwa, ko giya kawai na bari?

Maman Alheri:
Af! Ishaya, to atamfata da ka ce saura zif fa?

Ishaya Tela:
Mama, tana cikin leda yadda kika kawo ta.

Maman Alheri:
Allah Sarki. To na ji. Ku ci gaba, ina nan ina karantawa.

Ɗanladi:
Ɗan'uwa, wannan ba kai ba ne. Ruhun ƙarya ne da ruhun fushi. Tun da ka ce maganar tana fita kafin ka yi tunani, ai wani ne ke magana ta bakinka. Ka bincika gidanku, za ka tarar mahaifinka ko kakanka haka yake. Akwai abin da ake gado wanda baftisma kaɗai ba ta yanke shi. Ka nemi bawan Allah mai shafewa, a yi maka azumin kwana uku da addu'ar kuɓutarwa, ka ga ikon Allah.

Yunana:
Yaya Ɗanladi, ba na musun akwai Shaiɗan da aljanunsa, Bishara cike take da labarin Yesu yana fitar da su. Amma duba inda Yesu da kansa ya ce waɗannan abubuwa suke fitowa. Markus 7:21 zuwa 23, ya lissafa mugayen tunani, sata, kwaɗayi, yaudara, girmankai, ya ce daga ciki suke fitowa, daga zuciyar mutum. Yakubu 1:14 ya ce sha'awar mutum ce ta kansa take jan shi. A Galatiyawa 5 Bulus ya sa fushi da jayayya cikin ayyukan jiki, kuma maganin da ya bayar a wurin shi ne tafiya cikin Ruhu, bai ce a je a fitar da wani abu ba. Shaiɗan yana kawo jaraba, gaskiya ne, amma da ɗan gari akan ci gari. In muka gaya wa Yaya Ishaya cewa ba shi ba ne, mun rufe masa ƙofar tuba, don ba wanda ke tuba a kan laifin wani.

Yaya Ishaya, buɗe Romawa 7 daga aya 15. Bulus ya ce nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake yi, har ya kira abin "zunubin da ke zaune a cikina". A aya 24 ya yi kuka, ya ce wa zai cece shi. Manzo ne fa yake faɗin haka. Kana cikin babban ayari.

Mama Saratu:
Na san za a kawo Romawa 7. Kullum haka ne. Kun mai da surar nan matashin kai, duk wanda ya ga dama ya yi abin da ya so ya zo ya kwanta a kai ya ce ai Bulus ma haka yake. Ɗana, ka karanta sura ta 6 kafin ka tsallaka ta 7. Aya 14 ta ce zunubi ba zai yi mulki a kanku ba. Mutumin sura ta 7 cewa ya yi an sayar da shi bawa ga zunubi. Yaya za a yi wanda aka 'yanta a sura ta 6 ya koma bawa a ta 7? Bulus yana ba da labarin zamansa ne a ƙarƙashin Shari'a kafin ya gamu da Yesu. 1 Yohanna 3:9 kuma ba ta yi kwana ba: haifaffe na Allah ba ya aikata zunubi.

Ishaya, ban ce ba ka da ceto ba. Cewa nake ka tsaya a bakin ƙofa. Akwai tsarkakewa, aikin alheri na biyu, inda Allah yake tumɓuke saiwar ba kawai ya datse ganye ba. Jon Wesli, mai wa'azin Ingila da ya fara ɗariƙar Metodis, ya koyar da wannan, dubban mutane sun shaida shi. Ka nema da hawaye. Kada wani ya rarrashe ka da cewa haka za ka mutu kana ƙarya.

Yunana:
Mama, ranki ya daɗe, maganar matashin kai gaskiya ce, na karɓa. Kuma fassarar da kika kawo ba ƙarama ba ce, manyan malamai da yawa suna kanta har yau. Agustin ma, babban malamin ikilisiya na dā, a kanta ya fara. Da farko ya koyar cewa mutumin Romawa 7 wanda alheri bai riske shi ba ne. Daga baya, lokacin jayayyarsa da Filajiyas, wanda ke cewa mutum yana da ikon zama ba zunubi in ya so, sai ya sake duba surar, kuma kusa da ƙarshen rayuwarsa ya rubuta da hannunsa cewa ya canza ra'ayi. Ga abin da ke jan mutane zuwa ɓangaren nan. Daga aya 7 zuwa 13 Bulus yana magana kamar mai ba da labarin abin da ya wuce, daga aya 14 sai ya koma maganar yanzu. A aya 22 kuma ya ce can cikin zuciyarsa yana murna da Shari'ar Allah, alhali a 8:7 ya ce tunanin jiki gāba yake da Allah. Ko ma mun ajiye Romawa 7 gaba ɗaya, Galatiyawa 5:17 ba ta da gardama, ga masu bi aka rubuta ta, kuma ta ce jiki da Ruhu suna gāba da juna. Yohannan da kika ambata shi ne ya ce a 1:8 in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi. Ya sa kansa a ciki, "mu" ya ce.

Shi kansa Wesli a 1763 ya fitar da wa'azi a kan zunubin da ke cikin masu bi, inda ya ce zunubi yana saura a zuciyar wanda aka barata, wato wanda Allah ya karɓa a matsayin mai adalci, sai dai ba ya mulki. Tsarkakewar da ya koyar, wadda yake kira kammala, cikar ƙauna ce, kuma abin da yake kira zunubi na ainihi shi ne karya dokar da mutum ya sani da gangan.

Mama Saratu:
Yawwa, ka kawo kanka. Da gangan, dokar da ya sani. Ishaya bai san ƙarya zunubi ba ce? Bai san almakashi bai taɓa yadin ba? To ko a ma'aunin da ka kawo, wannan ba raunin da za a yi haƙuri da shi ba ne, abin bari ne. Ku 'yan makarantar tauhidi sai jero sunayen Turawa.

Yunana:
Mama, a nan kin kayar da ni, ban da abin cewa. Sai gyara ɗaya: Agustin namu ne, ɗan Afirka. A Tagaste aka haife shi a 354, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, a Hippo ya yi bishop har ya rasu a 430.

Anti Beronika:
Ku bari 'yar Katolika ta sa baki. Mu an koya mana cewa baftisma tana wanke zunubin asali, amma karkatar zuciya zuwa ga mugunta tana nan. Majalisar Tirent, babban taron shugabannin Katolika, ta yanke haka a 1546: karkatar ba ita ce zunubin ba sai mutum ya amince mata, an bar ta ne don a yi kokawa da ita. Na san malamanku na Furotesta suna cewa ita kanta karkatar zunubi ce, ba zan shiga wannan ba. Abin da nake so in ce wa Ishaya shi ne, wajen ikirari ba a barin mu mu ce "na yi zunubi" a dunƙule. Sai ka faɗi me ka yi, sau nawa. Akwai kunya sosai, amma ranar da na ji bakina ya ce "na ci naman surukata sau biyar a watan nan" na gane abin da nake yi. Addu'ar "Ubangiji ka gafarta mana zunubanmu masu yawa" ba ta taɓa sa ni zufa ba.

Baba Audu Mai Bishara:
Jikana ne ke rubuta mini, ni idanu sun yi nisa. Ina gaishe ku duka.

Ishaya ɗana, ka taɓa noman dawa? In ka taɓa, ka san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura yake, tsiro ɗaya yakan zubar da dubbai. Yakan kwanta a ƙasa shekara goma ko fiye bai ruɓe ba. Ba ya tsira sai ya ji saiwar shuka irin su dawa ko gero kusa da shi. Sannan ya kama saiwar ya yi ta tsotsa a ɓoye, makonni, kai kana ganin dawarka tana ƙanƙancewa kana cewa ruwa ne bai isa ba. Ranar da ya leƙo sama ya yi furen nan nasa mai kyau, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Na sayi wata gona a ƙauyen da na fara aikin bishara. Akwai wani ƙaton kututture a tsakiyarta. Muka taru da masu bi muka tone shi a yini ɗaya, bai sake fitowa ba. Ƙuduji kuwa na yi shekaru ina fama. Ina cirewa kafin ya yi fure, ina kai taki, wata shekarar in sa gyaɗa ko waken soya. Ya ragu ƙwarai, har na riƙa cika rumbu. Amma ban taɓa shekarar da na ce na gama da shi ba. Gonar tawa ce tun ranar da na biya kuɗinta, ƙuduji bai mai da ita ta wani ba.

Giyarka kututture ce. Ka gode wa Allah. A Fitowa 23:29 da 30 Allah ya gaya wa Isra'ila ba zai kori mazaunan ƙasar a shekara ɗaya ba, kaɗan kaɗan zai kore su. Garun Yariko ya faɗi rana ɗaya, sauran ƙasar kuwa Joshuwa ya tsufa ana yaƙi. Dalilin da ya sa ya yi maka haka, shi ya sani. Amma zan faɗi abin da na gani a kaina. Ni ban taɓa shan giya ba, kuma shekaru da yawa wannan ne abin taƙamata a kan mimbari. Ina yi wa mashaya wa'azi da zafi, ina kuma hassadar wani abokin aikina da aka ba babur ni ina kan keke. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na kusa shekara saba'in kafin in je in gaya masa.

Ka ce anya ka sami ceto. Lokacin da kake shan burukutu, ƙaryar da kake wa mata ta taɓa hana ka barci? Gawa ba ta jin zafin ƙaya. Ba ina ce maka ka kwanta ba ne, Saratu ta yi gaskiya. Ina ce maka wanda ke jin zafin nan a cikinka ba tsohon Ishaya ba ne.

Mama Saratu:
Baba, na gode. Amma Allahn da ya iya kututture ya iya ƙuduji.

Baba Audu Mai Bishara:
Ya iya, 'yata. Zai kuma yi. Ni dai a shekara 81 har yanzu da fartanya a hannuna, in ke kin ajiye taki ki yi mini addu'a.

Hannatu:
Ku gafarce ni, tun safe nake binku. An je Aljeriya, an je Ingila, an je gona. Ba wanda ya tambayi matar nan. Malam Ishaya ya ce yana isa gida ya hau ta da faɗa, sai kowa ya bi maganar atamfa da ayoyi. Shi yana kokawa da zunubinsa, to, amma a kan wa ake faɗuwa in an yi kokawar? Shekara nawa tana shan wannan? Yaran da ke jin ƙarar babur ɗin babansu su yi tsit, su wace sura za mu karanta musu?

Malam Ishaya, zan tambaye ka kai tsaye. Faɗan na baki ne kawai, ko hannu yana kaiwa? Kuma ka taɓa zama ka ba ta haƙuri da sunan abin da ka yi, ko sai dai ka sayo tsire ka ajiye a ce an shirya?

Ishaya Tela:
Haba 'yar'uwa, ni ba mugu ba ne. Ina ciyar da gidana, ina biyan kuɗin makaranta. Ba ki san abin da mutum ke gani a kasuwa ba.

Hannatu:
Ban ce kai mugu ba ne. Tambaya na yi.

Ishaya Tela:
Na ajiye wayar na ɗan fita, don na ji abin yana taso mini a kanki ma. Kin gani.

Hannu bai taɓa kaiwa jikinta ba. Amma na taɓa jifa da kwano ya fashe a bango, ƙaramar yarinyata tana wurin. Ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Tsiren da kika faɗa, kamar kina gidan.

Hannatu:
To na gode da ka faɗa. Kwanon nan ba ƙaramin abu ba ne, kada ka bar shi tsakaninka da Allah kaɗai. A sami dattijo ɗaya da matarsa da ita za ta iya kira in abin ya tashi. Ita za ta zaɓe su, ba kai ba.

Wani ɗan'uwa:
Na roƙi mai kula da zaure ta turo wannan ba da sunana ba. Kuna ta cewa a faɗa, a faɗa. A faɗa wa wa? A wurinmu in ka gaya wa dattijo abu da dare, kafin Lahadi an sanar an sa ka ƙarƙashin horo, ka koma kujerar baya wata shida, matarka ba ta iya ɗaga kai a Zumuntar Mata. Ni cacar ƙwallo ce a waya take cina, shekara uku. Na goge manhajar ya fi sau ashirin. Ni ke riƙe da kuɗin wata ƙungiya a majami'a, ban taɓa ba tukuna, amma na fara kallonsu. Wa zan gaya wa?

Dattijo Markus:
Ɗan'uwa, maganarka ta soke ni, don ina cikin masu zaman dattawa. Gaskiya mun iya horon abin da ido ya gani, cikin shege da maye, amma ba mu iya riƙe wanda ya zo da ƙafarsa kafin ya faɗi ba. Tsarin Matiyu 18 daga mutum biyu yake farawa, gaban ikilisiya shi ne matakin ƙarshe, kuma ga wanda ya ƙi ji ne. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi da tawali'u. Yakubu 5:16 ta ce ku bayyana wa juna zunubanku, ba ta ce a karanta a sanarwa ba.

A farkawar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu Yuganda da Kenya, bayyana zunubi a fili da mayar da kayan da aka ci su ne alamarta, suna kiran abin tafiya cikin haske. Ta gyara rayuka da yawa. Amma ta jawo rigima a inda mutum zai tashi cikin taro ya kira sunan wanda suka yi laifin tare. Ni abin da na riƙe shi ne, faɗin ya kai iyakar inda laifin ya kai. Wanda ka cuta, shi za ka gaya wa. Sai kuma mutum ɗaya mai riƙe baki da zai riƙa tambayarka.

Kai kuma, tun kafin ka sami wanda za ka gaya wa: ka miƙa kuɗin nan da littafinsu a satin nan. Ka ce a sa mutum biyu su riƙa sa hannu. Ba sai ka ba da dalili ba. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari. In kana so ka same ni ta gefe, abin zai tsaya a wurina.

Ɗanladi:
Duk wannan dabarar mutum ce. Littafi, sa hannu, goge manhaja. Ina ikon Ruhu Mai Tsarki?

Yunana:
Yaya, Romawa 8:13 ta haɗa su biyun a jimla ɗaya: in ta wurin Ruhu kuka kashe ayyukan jiki. Ikon na Ruhu ne, amma "ku" aka ce ku kashe. A kan wannan ayar Jon Owen na Ingila ya yi rubutunsa a 1656, inda ya ce ka riƙa kashe zunubi, in ba haka ba shi zai riƙa kashe ka. Ya kuma ja kunne cewa mutum yakan tsani zunubi ɗaya don yana hana shi sukuni, ba don Allah ya tsane shi ba, ya bar sauran suna kiwo.

Wani abu kuma da ke rikita mu. Kalmar nan "jiki" da muka gada daga tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 takan sa mu ɗauka naman jiki ake nufi, shi ya sa da abu ya taso sai mu ce a ƙara kwanakin azumi. Fassarar da ta biyo baya ta ce "halin mutuntaka". Hassada da jayayya suna cikin jerin, kuma yunwa ba ta kashe su. Mai azumi ma ya fi saurin fushi, ku tambayi matan gida.

Malama Rifkatu, mai kula da zaure:
Ni 'yar kasuwa ce, bari in yi tambayar kasuwa. Ishaya, ɗinki nawa kake iya gamawa a sati, kai da yaranka? Nawa kake karɓa?

Ishaya Tela:
In da wuta, kaya goma sha biyu. Karɓa kuwa, in Kirsimeti ta matso ba na ƙirgawa.

Malama Rifkatu, mai kula da zaure:
To ba ranar Alhamis kake ƙaryar ba. Ranar da ka karɓi na goma sha uku ka yi ta, ta Alhamis 'yarta ce. Me ke hana ka cewa "Mama, ba wuri"? Tsoro ne kada ta kai wa na gaba da kai, da kuma daɗin kafin alƙalami a aljihu. Ka yi ta azumi a kan harshe, ciwon yana wani wuri. Kana gaskata Allah zai kai ka sama, ba ka gaskata zai ciyar da kai da kaya goma sha biyu ba. Ba gori nake maka ba, ni ma na daɗe da mudu biyu a rumfa, na saye da na sayarwa. Da na jefar da ɗayan, ribata ta ragu, kuma ba ta dawo yadda take ba. Na faɗa ne don kada wani ya yi maka alkawarin cewa gaskiya za ta ninka maka ciniki nan da wata ɗaya.

Ishaya Tela:
Jibin Ubangiji fa? In ci gaba da miƙa farantin?

Dattijo Markus:
1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sannan ya ci. Ƙarshen gwajin ci ne, ba gudu ba. Matiyu 5:24 kuma ta ce ka bar baikonka, ka je ka shirya da ɗan'uwanka, sannan ka dawo. Akwai tafiya, akwai dawowa. Kana da sati uku kafin na gaba. Fara da cikin gidanka.

Mama Saratu:
A kan wannan ni da Dattijo bakinmu ɗaya. Amma Ishaya, ban janye ba. Ka ci gaba da roƙon a tumɓuke saiwar. Wanda bai sa rai da nasara ba, ba ya yaƙi da gaske.

Ishaya Tela:
Salama. Kwana tara ke nan, na ce in dawo in gaya muku.

Na ƙirga kayan da ke shago, 31 ne. Na kira mata bakwai da na fi yi wa ƙarya na gaya musu ban taɓa kayansu ba. Ɗaya ta zo ta zage ni a gaban yarana, ta karɓi leshinta da kuɗinta, sai da na ranta na cika mata. Biyu sun yi dariya sun ce ai sun sani. Sauran sun ba ni sabon lokaci. Na sayi littafi, kowane kaya da ranarsa.

Matata na zaunar da ita ranar Asabar bayan yara sun kwanta. Na faɗi maganar kwanon da sauran. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce "na ji", ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ta gaya mini sunan dattijon da take so da matarsa. Ba wanda da ni zan zaɓa ba ne.

Jiya Laraba wani ya zo karɓar kaftani, na ji bakina ya ce saura maɓalli. Ban ɗinka hannun ba. Har ya hau babur na bi shi da gudu na gaya masa. Ya kalle ni kamar na zare.

Maman Alheri:
To ni ban ji kira ba. Ba na cikin bakwai ɗin ne?

Ishaya Tela:
Mama, kunyarki ce ta hana ni. Ke ce ta 19 a littafi. Ba za ta samu kafin bikin ba. In kin yarda, ki aiko Alheri gobe ta karɓa da kuɗinki, akwai wata a layin bayanmu hannunta yana da kyau.

Maman Alheri:
Bar ta a wurinka, zan sa tsohuwar. Ta 19 ɗin wace rana ce?

Ishaya Tela:
Bari in je shago in duba littafin kafin in amsa miki.